Wasiƙa Daga Ingila: Babu Wata Dokar Agwagi a Shekarar 676



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya kamar yadda muke a nan, in ban da sanyi da yayyafi waɗanda ba a rasa su a garin nan. Wasiƙar yau ba ta labarin yawon buɗe ido ba ce irin wadda kuka saba gani. Ta gyaran kuskure ce, kuma kuskuren nawa ne kafin ya zama na kowa, don haka duk wanda ya ji maganata ta yi masa zafi ya sani da kaina na fara.

Idan ba ku manta ba, a wasiƙar da ta gabata na ba ku labarin ranar da muka kwashi yara muka tafi Seahouses, wani ɗan garin masunta da ke bakin teku a arewa da Newcastle, inda muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Farne. Ƙananan tsibirai ne na dutse, idan ruwa ya cika ka ƙirga kamar 15, idan ya janye su haura 20, kuma a lokacin ƙyanƙyasa tsuntsayen teku wajen 200,000 ne ke taruwa a kansu. A cikinsu akwai wata babbar agwagwa da ake kira eider, namijin fari da baƙi, macen kuwa ruwan ƙasa. Mutanen yankin suna kiran ta agwagwar Cuddy, wato laƙabin da suka yi wa waliyyinsu Cuthbert. Mai ba da bayani a cikin jirgin ya gaya mana cewa a shekarar 676 Cuthbert ya kafa dokar hana taɓa waɗannan agwagi, wai ita ce dokar kare tsuntsaye ta farko a duk duniya. Ni kuma kamar wanda aka miƙa wa goro a gidan biki, na karɓa na jefa a baki ban duba ko da tsutsa ba, na dawo gida na rubuto muku.

Ba a yi kwana uku ba sai ga amsar Yaya. Ya ce ka ga bambancinmu da Turawa ke nan, su tun sama da shekara 1,300 da suka wuce sun yi wa agwagwa doka, mu kuwa har gobe yaro ne da danƙo a wuya yana bin kurciya, ya ce abin a jini yake. Ya ƙara da cewa zai ba ɗalibansa labarin a taron safe domin su ji kunya. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Domin kuwa idan na yi ƙarya a cikin gida, a gida za ta tsaya. To amma idan ta shiga kunnen ɗaruruwan yara daga bakin malaminsu, ta zama karatu. Sai na tafi laburare na nemi tushen zancen, abin da ya kamata in yi tun farko.

Yaya, ka yi haƙuri, babu wannan doka. Cuthbert dai mutum ne na gaske, kuma gaskiya ne a 676 ya bar gidan ibadar Lindisfarne ya koma tsibirin Inner Farne ya shiga halwa. Ya gina ɗan ɗaki da dutse da ƙasa, ya zagaye shi da katangar da ba ya hango komai daga cikinta sai sama. To amma shi ba sarki ba ne, ba alƙali ba ne. Sarkin ƙasar Northumbria a lokacin Ecgfrith ne, shi kuwa Cuthbert bishop ma bai zama ba sai a 685, ya rasu a 687. Mutumin da ya gudu daga jama'a ya rufe kansa a tsakiyar teku, wa zai kafa wa doka, kuma wane dogari ne zai aiwatar masa?

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Waɗanda suka fara rubuta tarihinsa sun yi zamani da mutanen da suka gan shi ido da ido. Wani malamin Lindisfarne da ba a san sunansa ba ya rubuta nasa wajen shekara ta 700, sannan Bede na Jarrow, nan kusa da mu inda jirgin ƙasa na cikin gari yake kai mutum, ya rubuta nasa wajen 721. Dukansu biyu sun cika littattafansu da labaran Cuthbert da dabbobi, har da gaggafa da ta kamo masa kifi, amma babu inda suka ambaci agwagwar nan, balle doka. Abin dariya ma shi ne labarin tsuntsayen da Bede ya kawo a kan tsibirin na kora ne. Ya ce Cuthbert ya shuka sha'ir tsuntsaye suka sauka suna ci, ya yi musu faɗa suka watse. Wasu hankaki kuma suna zare ciyawar rufin ɗakin baƙinsa, ya kore su, daga baya aka dawo masa da guntun kitsen alade na ban haƙuri, shi kuma ya riƙa ba baƙi suna shafe takalmansu da shi. Kun ji "mahaifin dokar kare tsuntsaye" ke nan, manomi ne mai korar tsuntsu daga gona kamar kowane manomi.

To daga ina agwagwar ta fito? Daga alƙalamin wani malamin majami'ar Durham mai suna Reginald, wanda ya yi rubutu a rabin ƙarshe na ƙarni na 12, wato kusan shekara 500 bayan abin da ake cewa ya faru. Ku kwatanta da a ce yau wani ya zo muku da wata doka ta Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wadda babu wanda ya taɓa rubuta ta sai shi. Kuma ko Reginald ɗin bai ce doka ba. Cewa ya yi waliyyin ya bar wa agwagin amana, duk wanda ya ci amanar zai gani a jikinsa. Ya kawo labarin baran wani mai halwa da ya faki idon maigidansa ya kashe agwagwa ya cinye, ya zubar da ƙasusuwa da gashin a teku don ɓatar da sawu, sai ga su sun dawo an tsince su a wurin ibadar, asirinsa ya tonu. Wannan labarin karama ne irin wanda masu tsaron kabarin waliyyi suke bayarwa domin masu ziyara su ƙara jin tsoronsa. Mutanen baya ne suka ɗauki labarin karamar suka sa masa rigar lauya, suka maƙala masa shekara, ya zama "dokar farko a duniya" a bakin masu yawo da baƙi da kan takardun talla.

Kada kuma ku ɗauka a Farne kaɗai ake wannan. Ƙasar nan gaba ɗayanta tsibiri ce, kuma mutanenta suna da son irin waɗannan dokoki na baka. A Hasumiyar Landan za a gaya maka Sarki Charles na Biyu ne ya yi umarni kada hankakin wurin su gaza 6, in ba haka ba mulki zai rushe, alhali masu bincike ba su samu wata shaidar ana ajiye hankaki a wurin ba kafin ƙarshen ƙarni na 19. Haka za a ce maka duk manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya na Sarki ne, taɓa ɗaya cin amanar ƙasa ne. Gaskiyar ita ce gidan sarauta yana da tsohon haƙƙi a kan waɗanda ba su da alamar mai su, amma a wani yanki na kogin Thames kawai ake raya al'adar, da ƙidayar da ake yi duk watan Yuli. Abin da zai kai ka gaban alƙali idan ka kashe ɗaya ita ce dokar namun daji ta 1981, wadda ta shafi sauran tsuntsayen daji ma.

Na san wani zai ce, to me ya yi zafi? Ai tatsuniya ce mai daɗi, ba ta cutar da kowa. Ni kuwa na ce tana cutarwa, kuma shaidata ta farko ita ce amsar Yaya. Labarin yana nuna kamar tausayin tsuntsu gado ne da Bature ya taso da shi tun kaka da kakanni, wasu kuma aka haife su babu. Wannan ba haka ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19, a Flamborough da ke gaɓar Yorkshire, kudu da mu kaɗan, mutane ne suke cika jiragen ruwa da bindigogi su tafi gindin duwatsun da tsuntsaye ke kwance a kan ƙwai, su yi ta harbi don nishaɗi kawai. Wasu kuma fukafukai suke yankewa a sayar wa masu yi wa mata ado a hula, a jefar da tsuntsun da sauran ransa, 'ya'yan su mutu da yunwa a sheƙa. A Farne ɗin kanta masu ɗibar ƙwai da maharba sun yi ɓarna mai yawa. Ina amanar Cuthbert take a lokacin? Ai tana nan a cikin littafi, kuma ba ta hana kowa ɗana kunamar bindiga ba.

Abin da ya kawo canji rigima ce da wasu mutane ƙalilan suka ɗauka a kansu. Wani limamin majami'a a Bridlington, Henry Barnes-Lawrence, ya kafa ƙungiyar kare tsuntsayen teku a 1868, ɗan majalisa Christopher Sykes ya kai ƙudurin gaban majalisar dokoki, aka samu dokar 1869. Ku duba hujjar da suka kafa da ita, ba karama ba ce: cewa suka yi kukan tsuntsayen nan ne yake sanar da matuƙan jirgi cewa sun kusa dutse idan hazo ya rufe, kashe su kashe mutane ne. Ita ma dokar rabi da rabi ce. Ta hana kisan tsuntsaye iri sama da 30 daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Agusta kawai, ba ta hana ɗibar ƙwai ba, kuma ta tsame mutanen tsibirin St Kilda saboda tsuntsaye ne abincinsu. A 1889 wata mata a Manchester, Emily Williamson, ta kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin gashin tsuntsu wadda ta zama RSPB, amma sai a 1921 aka yi dokar hana shigo da gashin. Shekara 32 ana abu ɗaya. Wannan ne ake kira "a jini yake"?

Hujjata ta biyu ita ce camfi wuƙa ce mai kaifi biyu, wanda ya dogara da ita wata rana ita za ta yanke shi. A St Kilda ɗin da na ambata, can yamma da Sikotilan, wajen shekarar 1840 wasu mutane suka kama wani babban tsuntsun teku mara tashi, mai tsayin kusan santimita 80, wanda Turawa ke kira great auk. Suka ɗaure shi kwana 3, sai guguwa ta taso, suka ce ai mayya ce ita ta kira iskar, suka kashe shi. Shi ne na ƙarshe da aka gani a Birtaniya. A 1844 aka shaƙe ma'aurata na ƙarshe da aka sani a tsibirin Eldey na Iceland domin a sayar wa masu tara gawarwakin tsuntsaye, irin ya ƙare a duniya har abada. Zuciyar da ta ce wannan agwagwar ta waliyyi ce kada a taɓa, ita ce dai ta ce wancan mayya ce a kashe. Mu ma mun san haka a gida. Shamuwa tana saƙa sheƙa a tsakiyar ƙauye babu mai jifar ta saboda an ce da damina take zuwa, amma ungulu da a da ta cika kowace kwata, imanin cewa kanta da ƙafarta magani ne yana cikin abin da ya kai ta kasuwa, har a 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Kada kuma a ce ina nufin takardar doka ita ce komai. A tsibirin Bermuda, Turawan Ingila da suka zauna daga 1612 sun tarar da wani tsuntsun dare mai suna cahow da yawan da ba ya ƙirguwa, yunwa ta sa suka far masa, ɓeraye da aladu da kyanwoyi suka taya su. A 1616 hukumar tsibirin ta yi shelar hana ɓarnar. Wannan doka ce ta gaske, ba ta baka ba, amma cikin 'yan shekaru tsuntsun ya ɓace har aka shafe sama da shekara 300 ana zaton ya ƙare. A 1951 aka gano ragowar ma'aurata 18 a kan wasu 'yan duwatsu. A cikin waɗanda suka gano su akwai wani ɗan makaranta mai shekara 15, David Wingate, wanda daga baya ya ƙarar da rayuwar aikinsa a kansu, yana gina musu ramukan siminti, yana tsuke bakin ramin don kada wani tsuntsun ya shiga ya kashe 'ya'yan. A 2013 sun haura ma'aurata 100. Shelar gwamna ba ta cece su ba, mutum ne da ya yarda ya kwana a dutse.

A nan ne nake son ku tsaya. Duk inda ka ga tsuntsu ya tsira a tsibiri, idan ka tona za ka tarar da wani mutum a zaune a wurin. Ko a zamanin Reginald, idan agwagin Farne sun sami sauƙi, masu halwar da ke kwana suna tashi a tsibirin ne suka tsare su, domin ko baran nan sai da ya faki idon maigidansa. A 1881 mutanen yankin suka kafa ƙungiyar tsibiran Farne suna biyan masu gadi a lokacin ƙyanƙyasa. A 1925 aka yi karo-karo aka saye tsibiran aka damƙa wa National Trust, wadda har yanzu ma'aikatanta ne suke tarewa can watanni. Su ne suke zura hannu cikin ramin tsuntsun puffin har kafaɗa don su san ko akwai ƙwai, su sha cizo. Da haka aka ƙirga ma'aurata kusan 44,000 a 2018. Su ne ƙananan tsuntsayen nan masu jan baki suke sara a ka suna yi musu kashi a riga. A 2022 da murar tsuntsaye ta faɗa wa tsibiran aka rufe su ga baƙi, su ne suka sa rigunan kariya suka tsince gawa sama da 6,000, ba a sake barin baƙi su sauka ba sai a 2024. Amma idan ka shiga jirgi sunan wa za ka ji? Na Cuthbert. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan ma labari mai daɗi ake nema a kan agwagwar nan, akwai na gaskiya. Macen takan fizge lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwai, ta kwanta a kai kusan mako 4 ba ta cin abin kirki. A tsibiran Vega na ƙasar Norway mata ne suke gina wa agwagin 'yan bukkoki, su shimfiɗa musu busasshiyar ciyawar teku, su tsare su daga masu cin ƙwai, idan uwa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi ruwa sai su tattara gashin su tsabtace a yi bargo. Sai an haɗa sheƙa wajen 60 kafin a sami kilo ɗaya. Agwagwa ta sami tsaro, mace ta sami na cefane, kowa ya san abin da ya kawo shi. Saboda wannan sana'a UNESCO ta sa tsibiran a jerin kayan tarihin duniya a 2004. Babu waliyyi a ciki, babu tsinuwa, aiki ne da haƙuri.

Saboda haka Yaya, ina roƙon ka kada ka ba yaran nan labarin 676. Ba wai don ƙarya ce kawai ba, sai don darasin da ke cikinsa gurɓatacce ne. Yaron da aka gaya wa cewa wasu da tausayi aka haife su shi kuma babu, me ya rage masa ya yi? Sai ya gyara riƙon danƙonsa, tunda an ce halinsa ne. Amma idan ka gaya masa cewa mutanen nan ma sun yi ɓarnar da ta fi tasa, da bindiga ba da danƙo ba, har suka ƙarar da wani irin tsuntsu daga doron ƙasa, sannan wani liman da wata mata da wani ɗan makaranta suka ce a'a, suka nace shekara da shekaru, to ka ba shi abin da zai iya kwaikwaya. Idan kana son ka ba su labarin hankaka da kitse don su yi dariya, ka ba su, amma ka fara da "ga ta nan ga ta nanku" domin su san a wane layi yake.

Ni ma na ɗauki nawa darasin. Mu da muke zaune a waje muna da wani ciwo, duk abin da muka ji daga bakin mai jan kunne sai mu ɗauka an riga an tace shi, mu aiko gida da zafinsa, ku kuma ku karɓa saboda kun yarda da mu. Mai bayanin nan na jirgi bai yi niyyar yaudara ba, abin da ya ji ne ya faɗa, kamar yadda ni ma na ji na faɗa, kuma da haka zance yake shekara ɗaruruwa yana yawo babu wanda ya tambaye shi sunan ubansa. Daga yau duk "tsohuwar dokar" da na kawo muku, ku tambaye ni wa ya rubuta ta kuma a wace shekara. Idan na kasa amsawa ku watsar.

A gaida Inna da su Goggo da kyau, a ce musu yara suna gaishe su. Kawu, saƙonku ya iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Yaya, ina jiran amsarka, na san ba za ka ƙyale ni ba, kuma duk abin da ka rubuto zan sa shi a nan kowa ya gani.

Sai mun sake haɗuwa a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam. Naku a kullum, daga Newcastle.